Maƙogwaron Hamajam

Ni na buga masa ganga shekara tara.
In ana son labarin Hamajam a tambaye ni,
kada a tambayi masu shayin bakin gada
da suka ce aljani ne ya shige shi a Garwa.

Ba aljani ba ne, kaset ne.
Wani direban tirela daga Duwala ya manta shi a garejinmu,
ba suna a jikinsa, sai tabon manja.
Muka sa a rediyon maigida, muka zaci ta lalace:
jita kamar ana yanka ƙarfe da zarto,
ganga kamar ƙanƙara bisa rufin kwano,
wani yana ihu kamar an taka masa wuya.
Na ce a kashe.
Hamajam ya ajiye sifana, ya goge hannu a wando,
ya ce, "Tun rasuwar Baffa haka cikina ke yi,
ashe akwai masu rerawa."

Can inda aka yi shi sunansa pank.
Mu muka raɗa masa kiɗan tsawa.

Gangata rabin duro ce da fatar akuya.
Jonwe ya ɗaura wa jitarsa wayar birkin babur,
in ta tsinke sai mu leƙa babur ɗin kowa.

Wasan farko bayan gidan bilbil a Rumde Ajiya,
mutum goma sha ɗaya, da kare.
Janareta ya mutu a waƙa ta uku.
Shi bai ma lura ba.
Jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar guga,
ya zagi sikelin auduga mai cin rabin buhu,
ya zagi takardar fanshon Baffa
da ta iso kwana arba'in bayan binnewa.

Waƙarsa mafi tsawo minti ɗaya da rabi.
Ya ce mai jin zafin wuta ba ya doguwar gaisuwa.

Daga baya samari suka cika fili,
'yan acaɓa, 'yan dako, masu digiri ba aiki,
suna karo da juna kamar raguna.
Doka ɗaya ya kafa, kuma ya tsare ta:
wanda ya faɗi, a ɗaga shi kafin a ci gaba da rawa.

Ranar kasuwar Pitowa jandarmomi suka ɗauke shi
kan waƙar ɗari biyar ta bakin shinge.
Kwana huɗu. Ya fito ba haƙori ɗaya,
yana dariya, wai an buɗe wa muryarsa taga.
Wani mai situdiyo ya zo daga Yawunde da kwangila,
ya ce a rage ihu, a sa ɗan zaƙi.
Hamajam ya naɗe soyayyen kifi da takardar.
Na yi fushi da shi wata biyu, ina da iyali.
Har yau ban tabbata wa ke da gaskiya ba,
na dai san kifin ya yi daɗi, na Binuwai ne,
mun cinye har ƙaya, muka sha ruwa.

A Marwa muryar ta tsage, tsakiyar baiti.
Ya buɗe baki, iska kawai.
Likita ya leƙa da tocila ya girgiza kai.
Jonwe ya koma gona. Na sayar da duron.

Yanzu yana facin taya kusa da gada,
furfura a gemu, magana sai raɗa,
sai ka sunkuya kafin ka ji farashi.
Amma jiya da ya tayar da injin iska,
ƙarar ta cika rumfar, na ga ƙafarsa tana ƙirga huɗu.
'Yarsa Astajam, mai shekara sha uku,
ta ɗauki sifana ta kai baki kamar makirfo,
ta kwarara ihun da ya tashi tsuntsayen kogi.
Ya dube ni. Na jawo bokiti na kife.
Hannuna bai manta ba,
ashe jira yake a ce masa bisimilla, a soma bugawa.